Takardun Malam Hambali

"Allah gafarta Malam, tarihin Kano guda kuka bar wa gara!" in ji Garzali, ɗalibin jami'a, yana huci. Da ƙyar Malam Hambali ya damƙa masa takardun ajamin kakansa, don ya kai su gidan adana tarihi.

A gidansu na Kura Garzali ya baza su kan tabarma su sha iska, ya fita neman motar Fijo mai zuwa birni. Da ya dawo, babu ko ɗaya.

"Inna! Ina takardun nan?"

"Rubutun Larabci a ƙasa, kaji suna takawa? Kanal ɗin ruwan noman rani na kai su, ruwa ya tafi da su, kada mu ɗauki zunubi."

Shekara ɗari suka yi a hannun masu sakaci. A hannun Garzali ko wuni ba su yi ba.