Kaza Ta Shige Akurki

Tunda ka ce ka fara gane taurari, zauna ka ji labarin wani maɗinki da ya riga ka.

Maɗinkin nan ya gaji gona daga mahaifinsa, da ƙwarya guda ta irin gero mai nuna da wuri, wanda duk garin ba mai kamarsa. Allura ya sani, noma kuwa sai dai ya hango a gonar wasu. Da bazara ta tsananta, sai ya je wurin gwaggonsa bayan magariba ya tambaye ta yaushe ake shuka. Tsohuwa ta ja shi tsakar gida, ta ɗaga sandarta yamma. Ta nuna masa taurari uku a jere, ta ce na gaba Ɓarawo ne, na tsakiya Kare, na baya Maigida, tun fil azal suke tsere ba wanda ya kama wani. Ta ce ya bi inda Ɓarawo ya dosa da ido. Ya bi, ya bi, sai ga wasu 'yan taurari sun cure wuri guda suna ƙyalƙyali. Kaza ke nan da 'ya'yanta, su ɓarawon yake hari. Kai, zo ka ga murna! Magidanci da furfura a gemu ya kama tsalle yana tafi, yana ƙirga 'yan tsaki, wai ashe duk tsawon rayuwarsa ƙarƙashin kaji yake kwana bai sani ba. Gwaggo ta ce kaza ba ta yarda ruwa ya daki 'ya'yanta. Muddin ana ganinta da magariba, duk ruwan da ya sauka na yaudara ne, amma ran da ta shige akurki aka daina ganinta, damina ta zauna. Ta buɗe baki za ta ƙara, shi kuwa har ya kai zaure, yana ɗokin ya je ya koya wa matarsa.

Daga ranar ya zama malamin sama. Duk wanda ya kawo ɗinki sai ya sha labarin Kaza da Ɓarawo kafin a gwada shi. Ana nan sai wata rana da la'asar aka sheƙa ruwa, ƙasa ta ɗau ƙamshi. Ana sallame magariba ya fito ya dubi yamma, babu Kaza. Ya murza ido ya sake duba, babu ita babu alamarta. Ai sai ya zuba a guje cikin unguwa, takalmi a hannu, yana cewa, “Ta shige! Jama'a, Kaza ta shige akurki!” Dattawa suka ce ya ɗan saurara, ya ce ina ruwansa da waɗanda ba su san sama ba. Da asuba ya saɓi sungumi, yana sara matarsa tana binsa da ƙwarya, suna waƙa, har suka juye irin nan kaf, ko ƙwaya bai rage ba.

A ranar da daddare gari ya washe tangaran. Ya ɗaga kai don ya yi wa Ɓarawo dariyar ya rasa nama, sai ga Kaza zaune a inda take kullum, 'ya'yanta kewaye da ita. Bayan 'yan kwanaki gero ya tsiro kore shar gwanin sha'awa, sannan rana ta buɗe wuta, ya bushe ƙurmus a kan idonsa. Irin mahaifinsa ya ƙare daga nan.

Ya koma wurin gwaggo, ya ce taurarinta sun yi masa ƙarya. Ta ce, “Ɗan nan, daren da ba ka ga Kaza ba, ka ga Ɓarawo?” Ya ce a'a. “Kare fa, da Maigida?” Ya ce bai gan su ba. Ta ce, “To su ma akurkin suka shiga? Gajimare ne ya rufe su duka. In Kaza ta shige da gaske, za ka ga mutanen nan uku tsaye suna nemanta. Abin da zan faɗa maka ke nan ka bar ni da baki buɗe.”

Shi ya sa Hausawa suka ce, ƙaramin sani ƙuƙumi ne.