Notin da Ya Ƙi Kwantuwa

Wani manomi ne ya tashi rushe tsohon rumbun gidansu, sai ya ci karo da bindigar kakansa, wanda ya yi soja tun zamanin Turawa, an naɗe ta cikin buhu an cusa a lungu. Tsatsa ta cinye ƙarfen, amma katakon gindinta yana nan garau, har da ɗan kwarmin da tafin hannun tsohon ya sassaƙa saboda yawan riƙo. Labari ya kai kunnen gwaggonsa a ƙauyen da take aure. Ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan sojan, tsufa ya kwantar da ita, kuma ba ta da ko tsinken mahaifinta. Ta aiko cewa a kawo mata ta ɗora hannunta inda babanta yake ɗora nasa. Iyakar abin da ta roƙa ke nan. Amma gogan naka ya ce atafau ba zai kai kayan kakansa gidan mutane da tsatsa ba, sai ya warware ta ya goge ta tana ƙyalli.

Ya dinga ɗiga kananzir da baƙin mai a kan notikan bindigar, ya bar su su jiƙa, ya ƙwanƙwasa kaɗan, ya murɗa. Sannu a hankali duk suka kwance, sai guda ɗaya, wanda ya ɗaure ƙarfen da katakon. Wannan kam ya yi kememe. Ya lanƙwasa sukudireba, ya aro wata ya karya, ya fasa ɗan yatsa, har kan notin ya fara cinyewa, ko gezau bai yi ba. Haushi ya hana shi sakat, abinci ma sai an yi ta kira. Gwaggo ta sake aike: "Ku ce wa ɗan nan ya kawo min ita yadda take, ni ba harbi zan yi ba." Ya ce a ce mata ta ƙara haƙuri, abu ya kusa. Kai, wani mutum da taurin kai aka haife shi.

Ran nan da hantsi takaici ya kai masa iya wuya. Ya tuna an ce zafi na sa tsatsa ta saki, ya ɗebo garwashi daga murhun matarsa, ya ɗora a kan notin, ya sunkuya yana hurawa. Ya manta katakon nan busasshe ne tun kafin a haifi ubansa, ga shi ya ƙoshi da kananzir. Wuta ta tashi fuu. Kafin ya rarumo buta, gindin bindigar ya zama gawayi, notin kuwa ya sulale da kansa ya faɗo cikin toka.

Haka ya saɓi ƙarfen, ya goge shi tas, ya kai wa gwaggonsa. Tsohuwa ta shafa daga baki har ƙarshe, ta sake shafawa, tana neman wurin hannun babanta. Da ba ta samu ba sai ta miƙa masa, ta juya fuskarta bango. Shi ya sa Hausawa suke cewa, garin neman gira an rasa ido.