Hoton da Bai Ɗauka Ba

Yana goge kyamara budurwarsa ta shigo shagonsa, ta tsaya ƙarƙashin hoton nan da babanta ya ɗauka, wanda duniya ta sani: mace a tsakiyar ambaliya, jariri a kanta. Hoton ne ya ja shi sana'ar tun yana yaro. Kuma wanda ya ɗauke shi ne ya rantse ba zai ba mai hoto 'yarsa ba.

"Baba ya ga hotunanka," ta ce.

Ya daina gogewa. "Ya ce me?"

"Wai da sauranka." Ta ɗan yi murmushi. "Amma ya ji labarin gobarar kasuwa. Kowa ya samu hoto, kai ka yar da kyamara ka goyo wata tsohuwa."

Ya sunkuyar da kai. Har yau abokan aikinsa suna yi masa tsiya a kan haka.

"Ya ce hotuna yana da su cike da ɗaki, suruki yake nema. Ka turo manyanka."

"Allah ya saka wa Baba..." Ya ɗaga kyamara don ya ɓoye ƙwalla.

"Ajiye ta," ta ce a hankali. "Da idonka nake so ka kalle ni."