Mai Kunna Fitilar Magariba

Ladanin Ƙofar Marusa bai kai ga rufe kiran sallar magariba ba, fitilar tsakar gida ta kama da kanta. Hajiya Rakiya ta ɗago daga kan tabarma, ta dubi 'yar kyamarar da ke maƙale a saman ƙofar falo.

"Sannu, Auta. Allah ya yi maka albarka."

Kyamarar ba ta amsa ba. Dama ba ta taɓa amsawa ba.

Autan nata, Aliyu, shi ya cika gidan da waɗannan kaya. Ya sa sola a rufi, ya haɗa fitilu da fankoki da injin jan ruwa da rediyon falo da makullin get da kyamara da jiniya, duk a jikin waya, ta yadda ko mutum na wata uwa duniya, da ya taɓa sai abu ya kama. Ya so ya koya mata, ta ce wayarta mai maɓalli ta ishe ta.

A lokacin gidan da jama'a, ga shi, ga matarsa Fadila. Daga baya Hajiya ta tsaya kai da fata sai da ya sake ta, don zama ya yi tsawo babu haihuwa. Fadila ta kwashe kayanta ta koma gidan iyayenta a Ƙofar Ƙwaya. Shi kuma ya karɓi aiki a Fatakwal ya tafi, tun daga nan muryarsa ta yi tsada. In ya kira, gaisuwa ce a tsaitsaye, sai ya ce ana jiransa. Yayyensa mata kuwa kowacce na ɗakin mijinta a wani gari.

Hajiya ta san fushi yake da ita. Abin da ke sanyaya mata rai shi ne, bakinsa ne ya yi fushi, hannunsa bai yi ba.

Fankar ɗakinta kullum a ƙasa-ƙasa take juyawa, yadda ba za ta tada mata ciwon gwiwa ba, kuma kafin sanyin asuba sai ta tsaya. Ranar Alhamis, ranar wankinta, tun da hantsi za ta ji injin ruwa na cika tanki. Da ta nufi ɗakin ajiya da kwano a hannu, fitilar ciki ta riga ta. Bayan la'asar rediyo kan kama daidai tashar da malaminta ke karatu. Abin kan ba ta mamaki. Yaron da ya tashi bai san inda ake ajiye gishiri a gidan ubansa ba, yau shi ya san ranar wankinta. Sai ta ce a ranta, nisa ma makaranta ce.

A hankali kyamarar ta zama abokiyar hirarta. Tana tsince shinkafa tana ba ta labari: wanda ya rasu a unguwa, tsadar tumatir, mafarkin da ta yi da marigayi Alhaji. In ban da maƙwabciyarta Tani da kan leƙo jefi-jefi, sai ta wuni ba ta ji muryar kowa ba sai tata.

Wata rana da yamma abin ya cika mata ciki, ta dubi kyamarar sosai.

"Ka daina riƙe ni a zuci saboda yarinyar nan. Itacen da ba ya 'ya'ya, me za ka tsaya yi a gindinsa? Gata na yi maka."

Ran nan aka kira magariba fitila ba ta kama ba. Hajiya ta ƙi tashi ta kunna da hannunta. Ta zauna tana jan carbi har duhu ya shanye katanga, tana tsoron ko wannan 'yar igiyar ma ta tsinke. Can sai haske ya cika tsakar gidan. Ta share idonta da bakin mayafi. Ba ta ƙara ɗauko zancen ba.

Da damina ta kankama, wata safiya ta fito ɗibar ruwa, santsi ya kwashe ta a gindin famfo. Ta ji ƙugunta ya yi ƙara. Ta yunƙura, ƙafa ta ƙi. Wayarta na ɗaki, get a kulle, ruwa na dukan kwano, muryarta ba ta ko kai zaure ba. Ta juya fuska wajen kyamara.

"Auta," ta ce, "ka gan ni."

Jiniyar gidan ta ɗauki kuka. Makullin get ya buɗe da kansa. Jiniyar ba ta yi shiru ba sai da Tani da mijinta suka faɗo gidan a jiƙe.

Aliyu ya iso bayan an yi mata ɗori a asibiti. Ya rame, ya tara gemu. Ya durƙusa gefen gado, ta kama hannunsa ta riƙe gam.

"Wannan hannun ne ya cece ni. Ba ka magana da ni, amma ko rana ɗaya ba ka bar ni cikin duhu ba. Fitila, fanka, ruwan wanki, duk ina sane."

Ya dube ta kamar wadda zazzaɓi ke sa wa sambatu.

"Hajiya, wace fitila? Ni fa tun watan da na tafi aka sace mini waya a tasha. Sabuwar ban taɓa haɗa ta da gidan ba."

Hannunta ya saki nasa. "To wa ke kallona? Wa nake yi wa hira?"

Da Aliyu zai yi magana, sai ya sunkuyar da kai.

"Ranar da aka sa kayan, waya biyu kawai na haɗa da gidan. Tawa, da ta Fadila."