Maganin Ƙibar Dabo

Sau biyu dogarai suna kai Dabo dillalin shanu gaban likitan Turawa, sau biyu ana dawo da shi unguwarsu, Tudun Ƙofa. Lokacin yaƙin Jamus ne, ana ɗibar maza a Keffi su ɗauki kayan soja zuwa Kamaru. Dabo kuwa ba ya taku ashirin sai ya tsaya yana haki, tumbi ya tsare masa ganin ƙafafunsa. Da yake dole unguwa ta cike gurbinsa, sai ya leƙa kasuwar shanu ya nuna wa dogarai wani baƙon da ba shi da mai tsaya masa, aka tafi da shi.

Amma ƙibar da ta cece shi ta fara neman ransa. Ƙafafu suka kumbura, sallah ta koma a zaune.

Wata safiya Jidda, Bafillatanar wajen Gitata da ta fara kawo nono gidansa bayan damina, ta same shi a zaure yana numfashi da ƙyar.

"Maigida, na san maganin wannan ciwon," in ji ta. "Amma sai ka bi abin da na ce."

Ta hana shi kitse da man shanu da zuma. Maimakon kindirmo ta koma kawo masa tsala, nonon da aka cire wa mai. Tuwo malmala ɗaya, sauran kwanon zogale da rama. Kullum da hantsi ya taka zuwa Angwan Iya ya dawo, daga baya har bayan gari. Ran da ya yi ƙyuya, sai ta sauke ƙwaryarta a ƙofar gida ta tsaya har ya fito. A wata na uku ta sa ya riƙa ɗora damin dawa a ka, wai don ƙashin baya ya miƙe.

Ya ba ta zane, ta ƙi. Ya ce ta zaɓi saniya, ta ce, "Lafiyarka kaɗai nake so in gani."

Wata shida, riga ta yi masa yawa. Yana ruku'u yana sujada, yana tafiyar yini bai nemi inuwa ba. Ya bi kasuwa yana buga cikinsa mutane su gani.

A zatonsa an daɗe da cire sunansa, sai ga dogarai sun sake zagayowa. Likita ya saurari ƙirjinsa, ya sa shi gudu zuwa gindin wata tsamiya, ya gyaɗa kai. Kafin azahar Dabo yana cikin sahu, akwatin harsashi a kansa, soja gaba soja baya.

A bakin gari ya hango Jidda tsaye da ƙwaryarta.

"Jidda! Don Allah ki gaya musu ba ni da lafiya!"

Ta dube shi daga sama har ƙasa. Ran nan ya fara ganin murmushinta.

"Lafiyarka ƙalau, Dabo. Yanzu ƙafarka za ta kai ka inda mijina Ɓoɗejo ya faɗi, wanda ka nuna musu a kasuwar shanu bara."