Ranar da Abba Ya Jefa Sandarsa a Tafki

Ina ƙarama lokacin da Abba yake digirinsa na uku a ƙasar waje, a unguwar Pantai Dalam, yana ƙera sandar golf, irin wadda ake gangara ƙwallo da ita zuwa rami. Wata la'asar ya tafi da ni filin golf gwada sabuwar da ya sha wahalar haɗawa. Ya ja mata farin layi siriri a ka, wai shi zai nuna wa ido saiti.

"Riƙe min, Ummi, kar ta taɓa ƙasa," ya ce, ya tafi tsinto ƙwallayensa.

Hadarin garin nan ba ya sallama. Nan take sama ta yi baƙi, jiniyar gargaɗin tsawa ta filin ta ɗauki kuka, mutane suka watse. Na ji gashin hannuna yana miƙewa, ƙarfen sandar yana tsuwa a tafina.

"Yar da ita, Ummi! Yar da ita!"

Ban taɓa jin muryar Abba haka ba. Tsoro ya sa na ƙara ƙanƙame ta. Ya iso a guje, ya fizge ta, ya wurga cikin tafkin da ke gefenmu, ya sure ni. Kafin mu kai rumfa tsawa ta faɗa wa bishiyar da ke bayanmu, ƙauri ya cika min hanci.

Ina kuka na ce, "Abba, sandarka fa?"

Sai salati yake, yana shafa kaina. Sai da na haifi tawa 'yar na gane ashe ya fi ni tsorata.