Tsiron da Barira Ta Zaɓa

Ɗanjuma bai san bambancin na'ana'a da ciyawa ba. Shekara ashirin matarsa Barira tana rubuta shafin lambu a jarida, shi ko layi ɗaya bai taɓa karantawa ba. Sai da yaƙi ya raba su, ita a birnin Umdurman wajen ƙanwarta, shi a unguwarsu ta Hajj Yusuf yana gadin gida, gadojin kogin da ke tsakaninsu duk a rufe, sannan fa gogan ya zama ɗalibi.

Duk Juma'a saƙonsa sai ya shigo. Ganyen lemo ya yi rawaya, yaya za a yi? Yaushe ake rage rassan gwaiba? In ta kira ba ya ɗagawa, wai waya ba ta da ƙarfi, rubutu kaɗai ke wucewa. Ta roƙi hotonsa, ya turo mata na lemo.

Jarida ta mutu, amma amsoshin nan take gyarawa ta saka a shafinta na waya. Wallahi su suka hana ta zaucewa, don tsoro take ji ƙwarai. In Juma'a ta kai la'asar ba saƙo, sai ta yi ta duba waya.

Tun a wata na uku da rabuwarsu ya tambaye ta wane tsiro ne zai rayu ba ruwa, ba mai kula.

"Sabbar, wato kabar giwa," ta rubuta tana dariya. "Amma na maƙabarta ne, Malam. Kada ka ɓata mini lambu."

Ranar da hanya ta buɗe, ita ce ta farko a mota. Unguwa tsit, ƙofofi a ɓalle. Lemonta kuwa kore shar, maƙwabcinsu Baba Almahdi na tsaye a gindinsa da bokiti.

"Baba, ina maigidan?"

Tsohon ya sunkuyar da kai.

Bayan lemon ta hango sabon fangali, dogo, siriri, a karkace, bai bi layin sauran ba. Sabbar ne a kansa. Ta durƙusa ta ƙirga 'ya'yan da ya fitar, kuma tsiro bai taɓa yi mata ƙarya ba: ya kusa shekara biyu a ƙasa.

Baba Almahdi ya zaro wayar Ɗanjuma daga aljihunsa.

"Kafin ya cika, cewa ya yi kada in bari ki daina rubutu, 'yata, shi ya sa nake turo miki saƙo. Da na rasa abin da zan dasa a kan kabarinsa, ke na tambaya."